DIGIRIN 'YAR SHEKARA BIYAR

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce yayata ta aiko mini da katin gayyata mai ruwan zinariya a gefe, wai ana bikin yaye 'yarta daga makaranta. Na juya katin nan na sake juyawa, don kuwa yarinyar da ake magana a kanta ban daɗe da cin naman sunanta ba, kuma yayen da na san an yi mata shi ne wanda aka raba ta da nono, aka kai ta ɗakin kakarta ta kwana bakwai tana rigima. Ashe a zamanin nan sau biyu ake yaye ɗa kafin ya yi famfara. Na dai ɗauko rigata ta zuwa Juma'a na sa na tafi, domin ba a yin sabgar ɗiya a ce kawu bai leƙa ba.

Makarantar gidan haya ce aka fasa bangon falo aka mayar da shi azuzuwa. An kafa rumfuna biyu a bakin titi, an jera kujerun roba, ga mai sa kiɗa da lasifikarsa kamar gidan ɗaurin aure. Tun ƙarfe tara aka zaunar da yara su wajen talatin a sahun gaba, kowannensu cikin baƙar riga har ƙasa da hula mai kusurwa huɗu da tunku, irin kayan nan da mu a nan muke cin baƙar wuya shekara huɗu ko biyar, ban da ta yajin aiki, kafin a yarda mu sa su na wuni ɗaya. Babban baƙo bai iso ba sai da sha ɗaya ta gota. Kafin nan wasu yaran sun yi barci a kan kujera, wani ya jiƙa rigarsa, malamansu mata kuwa, waɗanda suke kira anti, suna ta kai da kawowa, suna gyara huluna suna zare ido. Da aka ƙare jawabai sai aka kira yarinyarmu, aka miƙa mata abin magana, ta zubo jihohin Nijeriya 36 da hedkwatocinsu da Turanci, tun daga Abiya har Zamfara, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wuri ya kaure da tafi. Uwarta har da share hawaye. Ni ma, kada in yi ƙarya, sai da na ji kaina ya yi girma.

A hanyarmu ta komawa gida, cikin A Daidaita Sahu, na ce da ita, "To, gwana, Zamfaran nan da kika faɗa, mece ce?" Ta dube ni kamar wanda ya tambayi abin da kowa ya sani, ta ce, "Kawu, ai ƙarshen waƙar anti ce." Uwarta ta yi dariya, mai tuƙi ma ya yi, ni ma na yi. Amma tun daga ranar maganar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in kawo ta wannan mujalla tamu, tun da yake masu karanta ta su ne iyayen gobe, wasunsu ma na yau ne, kuma daga cikinsu za a sami sufetocin makarantu da manyan sakatarorin ma'aikatun ilmi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cikin masu cewa a rufe makarantun nasare a koma yadda ake a da. Duk mai faɗin haka bai taɓa kwana gidan ma'aikaci ba. A da, yaro a babban gida yake buɗe ido, ga kaka, ga gwaggo, ga abokiyar zaman uwa, ga yayye da 'ya'yan baffanni, ga tsakar gida da ƙofar gida da dandali. Hannun da zai ɗauke shi ba ya ƙarewa. Yau kuwa ma'aikaci ɗaki biyu da falo ya kama a garin da aka tura shi, matarsa malamar asibiti ce ko ta makaranta, ko kuwa ɗaliba ce a nan tare da mu, kaka tana can ƙauye tafiyar wuni guda. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan mako 12 ta yanka wa mai haihuwa, shida kafin ta sauka, shida bayan ta sauka, kuma ko a inda gwamnati ta ƙara a kan haka, hutun yakan ƙare yaro bai fara tafiya ba. To, ina za a kai shi? Ko dai a bar shi hannun 'yar aiki, wadda ita ma yarinya ce da ya kamata a ce tana aji, ko a zaunar da shi gaban talabijin da waya, ko a kai shi nasare. Na ƙarshen nan ya fi dama nesa ba kusa ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ake yi da yaron idan an kai shi, daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe ɗaya, kwana biyar a mako, shekara uku cur.

Na sha zuwa ɗauko yarinyar nan idan uwarta tana aikin rana, don haka na san yadda wurin yake ranar da ba biki. Ajin 'yan shekara uku ɗaki ne da bai fi cin gado biyu ba, an cusa masa benci-benci, yara suna zaune sahu-sahu, hannu a harɗe, suna fuskantar allo. Anti ta faɗa, su amsa, ta sake faɗa, su sake amsawa, har muryarta ta dushe. Kowane yaro da jakar da ta kusa rinjayarsa, cikinta akwai littafin rubutu da na lissafi da na sanin muhalli, har da wani wai na kwamfuta. Kullum sai an ba da aikin gida, wanda kowa ya san uwa ce take kama hannun yaro ta rubuta bayan sallar isha'i, shi kuwa yana gyangyaɗi. Ƙarshen zango a yi jarrabawa, a fitar da na ɗaya da na ashirin da bakwai, a rubuta da jan biro a aika gida. Ɗan shekara uku fa! A tsakar gidan, wadda aka malale da siminti, akwai lilo guda ɗaya da ya sha fenti, amma an ɗaure shi da sarƙa, wai kada wani ya faɗo iyayensa su tayar da ƙura. Amfaninsa a nuna wa baƙon da ya zo nema wa ɗansa gurbi. Hutun tara na cin abinci ne, a zaune. Wanda aka ji ya yi Hausa an ce ya yi banakula, sai ya durƙusa ya ɗaga hannu sama. Duk wanda ya zaga unguwannin manyan garuruwanmu ya san ba labarin makaranta ɗaya nake bayarwa ba.

Abin mamaki, waɗanda muka aro abin daga wurinsu don gudun irin wannan zama suka ƙirƙiro shi. A shekarar 1837 wani malami Bajamushe mai suna Friedrich Froebel ya buɗe wani wuri don ƙananan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, wato lambun yara. Da gangan ya guje wa kalmar makaranta. A ganinsa yaro tsiro ne, malami kuwa mai ban-ruwa, kuma babu mai lambun da yake jan tsiro da hannu don ya yi saurin tsawo. Kayan karatunsa ƙwallayen zaren ulu ne da 'yan gutattakin katako na gini, da waƙa da rawa, da ɗan fegi da akan ba kowane yaro ya shuka abin da ya ga dama. Gwamnatin Farusha ta tsorata da abin har ta haramta shi a 1851, ba a ɗage haramcin ba sai 1860, bayan mutumin ya rasu da shekara takwas. Ita kuwa Maria Montessori, wadda sunanta ya cika allunan makarantun kuɗi a ƙasar nan, likita ce 'yar Italiya. A 1907 ta buɗe gidan yaranta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Roma, don 'ya'yan leburori da ake bari suna gararamba idan iyaye sun tafi aiki. Ta kawar da bencin da aka kafe a ƙasa, ta sa aka yi 'yan kujeru da tebura daidai ƙarfin yaro, ta bar su suna shara da wanke-wanke da ɓalla maɓalli da zuba ruwa daga wannan kofi zuwa wancan. Haruffa ma da yatsa suke fara shafa su a kan takarda mai kaushi tun kafin su riƙe fensir. Ita ba ta ma kiran wannan wasa, aiki take ce masa, amma aiki ne da yaro yake zaɓa da kansa, ya bari idan ya ƙoshi, ba maki ba bulala. Da matar nan za ta dawo ta leƙa wasu wuraren da aka liƙa sunanta a ƙofa, ina jin ƙara za ta kai. Har yau a ƙasar Finlan, wadda ake yawan yabon makarantunta, sai yaro ya kai shekara bakwai yake shiga aji ɗaya.

Ba ma sai mun je Turai neman hujja ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, ta faɗa ƙarara cewa babbar hanyar koyarwa a matakin share fagen firamare ita ce wasa, bugu-bugun da suka biyo baya kuma sun maimaita, har suka ƙayyade kada yaran malami ɗaya a nasare su wuce 25. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sa wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Takarda dai ba ta rage komai ba. Inda gizo yake saƙa shi ne tun farko gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa wannan mataki, ta ce nata sa ido ne, idon kuwa bai cika buɗewa ba sai ranar karɓar kuɗin rajista.

Na san abin da wani zai ce, domin mijin yayata ya riga ya faɗa mini. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shi bai biya kuɗin makaranta don a tara masa 'ya a yi ta wasan ƙasa ba, wannan ai a gida ma kyauta ne. To, ranka ya daɗe, bari mu tsaya a kan wasan ƙasar nan, mu ga ko banza ne.

A dubi yarinya 'yar shekara huɗu da ƙawayenta suna tuwon ƙasa. Sai sun nemo gwangwanin tumatir da murfin kwalba da ɓawon gyaɗa, sun raba aiki, wannan ce uwa, wannan ce mai talla, wannan ce baƙuwa. Sai an auna ƙasa, an gane cewa idan ruwa ya yi yawa tuwo ba ya mulmuluwa. Idan su biyar ne malmala huɗu, sai an yi shawara, ko a yi faɗa a shirya, wanda shi ma karatu ne da babu littafinsa. Duk tsawon lokacin nan baki bai tsaya ba, ana gaisuwa irin ta manya, ana ciniki, ana yi wa 'yartsana faɗa da kalmomin da aka tsinta a bakin uwa. A dubi carafke: a cilla dutse sama, a kwashi na ƙasa ɗaya-ɗaya, sa'an nan bibbiyu, sa'an nan uku-uku, a cafe na sama kafin ya faɗo. Wace anti ce za ta iya haɗa ƙidaya da saitin ido da gwanintar yatsu cikin darasi ɗaya, yara kuma su roƙe ta a ƙara? Yaron da ya fere kara ya yi mota, ya huda ƙafafunta ya zura tsinke, ya ga ta ƙi tafiya don ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, ya sake fere wata, ya riga ya shiga ajin injiniya bai sani ba. Langa da 'yar gala-gala suna koya wa jiki tsayuwa da daidaito, ɓuya tana koya dabara da haƙuri, kowane wasa kuma yana da dokar da yara da kansu suke tsarewa, wanda ya karya a ce ba a yi da shi. Idan dare ya yi aka ce ga ta nan ga ta nanku, yaron da ya bi Gizo da Ƙoƙi daga farkon labari har ƙarshe, ya riƙe abin da ya faru da abin da ya jawo shi, gobe kuma ya maimaita wa ƙanensa da ƙarin gishiri, shi ne wanda ranar da aka ba shi littafi zai karanta shafi ya san abin da shafin ya ce. Wanda ya saba da kacici-kacici kuwa ya riga ya san cewa magana tana da ciki da waje.

Akwai kuma maganar jiki, wadda 'yan'uwanmu na sashen likitanci za su gaskata ni. Ƙananan ƙasusuwa 8 da ke wuyan hannun mutum guringuntsi ne ranar da aka haife shi, ɗaya bayan ɗaya suke ƙosawa, na ƙarshensu sai yaro ya doshi shekara goma ko ya wuce. Hannun ɗan shekara uku an yi shi ne don damƙa da murɗa da kwaɓa da yaga. Da cuɗa laka da zura ƙwalli a zare da tsintar tsakuwa yake tara ƙarfin da zai riƙe fensir nan gaba. Idan aka tilasta masa cika shafi da harafi ɗaya tun yanzu, zai cika, don yaro ba ya da yadda zai yi, amma abin da zai fara koya game da alƙalami shi ne abu ne mai sa ciwon hannu da tsawa. Sauri ya haifi nawa. Malaman firamare da yawa za su ba ka labarin yaron da ya zo aji ɗaya da haddar lambobi har ɗari, amma idan aka zube masa wake bakwai aka ce ya ɗebe uku sai ya tsaya yana kallon bakin malam.

Masu ganin wasa shashanci ne ta fuskar addini su ma su yi haƙuri su koma ga littattafansu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa tsawaita sujada yana limanci saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasansa ba. Nana A'isha ta ba da labarin 'yan tsanarta da ƙawayen da suke zuwa su yi wasa tare. Salla kanta, ginshiƙin addini, sai a shekara bakwai aka ce a fara umurtar yaro da ita. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi gargaɗi cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu ba hutu yana dushe masa basira, ya sa ya riƙa neman hanyar kuɓuta daga karatun gaba ɗaya. Ibn Khaldun ma a Muƙaddima ya keɓe fasali guda a kan cutarwar da tsanani yake yi wa almajiri, ya ce yana koya masa ƙarya da kasala. Mu da muke da wannan a gida, ban san wa ya sayar mana da ra'ayin cewa yaro ba ya koyo sai fuskarsa a murtuke ba.

Maganar banakula kuwa ita ce ta fi yi mini ciwo. Manufar 1977 ɗin nan ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko na jama'ar da suke zaune cikinta. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun gwada abin tun daga 1970, suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun gwanaye, aka tarar yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun wuce su. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a yi shekara shida ta firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin, ya ce a koma Turanci tun daga matakin farko, hujjarsa ita ce faɗuwa jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a. Ni dai lissafin bai fito mini ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ma gama firamare a 2025 ba, balle ya zauna wata jarrabawar sakandare, tsarin da ba a buga masa isassun littattafai ba, ba a horar masa da malamai ba, ta yaya za a ce shi ya kayar da waɗanda suka faɗi? An bar jaki ana dukan taiki. Ban raina tsoron iyaye ba, don na san da Turanci ake ganawar ɗaukar aiki, kuma ni kaina da shi nake rubuta jarrabawa. A koya wa yaro Turanci da waƙa da wasa, zai ɗauka kamar soso. Amma a durƙusar da ɗan shekara uku don ya ce yana jin ƙishirwa da harshen da aka yi masa huɗuba aka rene shi da shi, wannan koya masa ne cewa bakin uwarsa abin kunya ne. Ko dokar da ta ce a yi karatu da Turanci ba ta ce a yi haka ba.

Mu komo kan biki. Bahaushe ba baƙon yi wa yaro sha'ani ba ne. Ranar suna a yanka rago, wanzami ya yi aski, a raba goro. Ranar da aka kai shi makarantar allo a yi sadaka. Ranar sauka a yi walima, ya karanta allonsa mai zayyana gaban malamai, dangi su yi masa kyauta. Ga salla, da sabon ɗinki da lalle da yawon barka da salla gida-gida. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne kowannensu yana tsaye a kan wani abu da ya faru da gaske, an haihu, an fara, an sauke, an kai azumi, kuma abinci daga gidan mai sha'ani yake fita ya tarar da maƙwabci, mai shi da marar shi. Bukukuwan nasare sun juya abin. Ranar zagayowar haihuwar ɗan wane, uwarsa za ta aiko da kek da lemon kwali da leda-leda ta alewa da biskit a raba wa aji, a ɗauki hoto a watsa a waya. Yaran suna murna, ban musa ba. Amma yara suna da ido. Ɗan masinja ya ga abin da aka kawo ranar ɗan darakta, ya koma gida yana tambayar yaushe ne tasa ranar, uban da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin nan na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ya shiga cin bashi don kada a ga gazawarsa. Akwai kuma wata wai ranar al'ada, rana ɗaya tak a shekara da ake yarda yaro ya sa babbar riga ko yarinya ta ɗaura saƙi ta riƙe ƙwarya, a yi musu hoto kamar baƙin da suka zo daga wata ƙasa, washegari wanda ya yi Hausa ya durƙusa. Uwa-uba bikin yaye, da kuɗin hayar riga da na hoto da na rumfa da na abincin manyan baƙi. Yayata ba ta faɗa mini abin da ta kashe ba, amma na lura adashen da take cewa na keken ɗinki ne ba ta ƙara ambatonsa ba.

A watan Agusta na 2025 gwamnatin Jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nasare, wasu jihohi kuma suka bi sahu. Na fahimci dalilinsu, kuma rigar digirin nan ko yau aka ce an ƙone ta ba zan yi ta'aziyya ba. Sai dai ina tsoron a garin zubar da ƙaiƙayi a haɗa da tsaba. Yaro yana bukatar ranar da uwarsa da ubansa da kakarsa za su shigo wurin da yake wuni, su ga inda yake zama, su san abokinsa, ya nuna musu abin da hannunsa ya yi. Wannan ba ya cin ko kwabo. A shimfiɗa tabarmi da hantsi kafin rana ta yi zafi, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa ko zoɓo, a juye wuri ɗaya yadda ba mai sanin na wane ne. A jera motocin kara da tukwanen laka da zane-zanen da yara suka yi. A ba wata kaka wuri ta yi tatsuniya, iyaye maza su cire hula su shiga langa 'ya'yansu su yi musu dariya. Masu ranar haihuwa a cikin wata a haɗa su rana ɗaya a yi musu addu'a. Ina da yaƙinin yaro zai riƙe wannan a ransa fiye da jawabin babban baƙo.

Na taɓa tsayawa da antin yarinyar nan a bakin ƙofa na yi mata ƙorafin aikin gida. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, ni ma na yi kwalejin horon malamai, duk abin da kake faɗa an koya mana. Amma ranar da na bar su suka yi wasa da yashi, iyaye uku ne suka zo wurin mai makaranta, wai an ɓata wa 'ya'yansu kaya, kuma littafinsu ba komai a ciki. In littafi bai cika ba, zango mai zuwa makarantar gaba za a mayar da yaro." Ta faɗa mini albashinta, ban ga ya dace in rubuta shi a nan ba, illa dai in ce bai kai kuɗin zangon yaro ɗaya daga cikin yaran da take yini da su ba. Daga nan bakina ya mutu. Mai makaranta ɗan kasuwa ne, abin da ake nema yake kasawa. Mu 'yan boko mu ne muke zuwa da ganin kitse muna yi wa rogo, mu ne muke tsayar da yaro gaban baƙi mu ce ya yi musu Turanci, mu ne muke gasa da abokin ofis a kan ɗan wa ya fara rubutu.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da ka je nema wa ɗanka wuri, kada ka tsaya a ofishin mai makaranta kana kallon kofunan da aka jera. Ka ce a kai ka bayan gini ka ga ko akwai ƙasa da inuwa. Ka saurara ka ji ko hayaniyar yara ce take tashi ko muryar anti ita kaɗai. Ka ƙirga kawuna a aji, ka dubi makewayi da randar ruwa, ka tambaya me ake yi wa wanda ya yi Hausa. Wanda kuma Allah Ya kai shi kujerar sufeto, Manufar Ilmi tana hannunsa, ba sabuwar doka yake bukata ba kafin ya tambayi dalilin ɗaure lilo. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ma tana da abin yi. Tun farkon shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida, ga su nan a laburare ƙura tana ci. Me zai hana 'yan sashen Hausa da na Ilmi su haɗa kai, kowa idan ya tafi hutu ya rubuto wasannin garinsu yadda ake yin su, a fitar da ɗan littafi mai araha da anti za ta iya buɗewa ran Litinin da safe, a fara gwadawa a nasaren da ke kewaye da jami'ar nan? Kuɗin da muke kashewa a daren rawa ɗaya ya isa buga shi.

Bayan bikin da mako guda na koma gidan yayata. An mayar da riga wurin masu haya, amma hular ta kwali ce, an bar wa yara. Na tarar da yarinyar a ƙofar gida da 'ya'yan maƙwabta su uku, an tsinke tunkun an ɗaura wa 'yartsana a matsayin gashi, hular kuwa an kifar da ita ta zama faranti, an jera malmalar tuwon ƙasa shida a kai. Ta ce, "Kawu, za ka saya? Ɗaya dutse biyu." Na tsinci tsakuwa biyar na miƙa mata na ce a ba ni biyu. Ta zube su a tafin hannunta, ta ware biyu gefe, ta sake ware biyu, ta dubi ɗayar da ta rage, sa'an nan ta miƙo mini ita ta ce, "Ga canjinka. Miya kuma sai ka jira, ba ta nuna ba."